TRC20, Arbitrum ko Lightning: wace hanya za ka bi da kuɗinka?

Duk wanda ya taɓa tura USDT, wato kuɗin kirifto na kamfanin Tether da darajarsa ke bin dalar Amurka, daga manhajar musaya ya san wurin nan. Ka liƙa adireshin mai karɓa, ka rubuta adadi, sai manhajar ta tsayar da kai ta ce zaɓi netwok. Sunaye su jeru: TRC20, BEP20, ERC20, Arbitrum One, Optimism, Polygon, TON, Solana, kowanne da cajinsa a gefe. Wani dala ɗaya da 'yan kai, wani ko santi goma bai kai ba. Yawancinmu ɗayan biyu muke yi: ko mu danna wanda mai karɓa ya faɗa, ko ido ya sauka kan mafi araha. Kuma galibi kuɗin na isa lafiya, shi ya sa ba wanda ke tsayawa tambayar dalilin bambancin.

Arahar nan kuwa ba daga sama ta faɗo ba. Kowane layi da ka ga ya karya farashi, akwai abin da ya sarayar kafin ya kai ga haka. Wani ya rage yawan masu gadi, wani ya damƙa wa kamfani guda ragamar jera hada-hada, wani kuma kai ya ɗora wa ɗawainiyar. A wurina tambayar da ta fi caji nauyi ita ce: ranar da masu tafiyar da layin suka kashe injinsu, ko aka yi musu kutse, ko suka juya maka baya, kana da ƙofar fitar da kuɗinka ba tare da neman izininsu ba? Da wannan zan auna su.

Inda cunkoson ya samo asali

Bulokcen, wato sarƙa, littafin lissafi ne da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa iri ɗaya, kowacce tana bin duk abin da aka rubuta tana tabbatarwa da kanta. Shi ya sa yi masa maguɗi ke da wuya, shi ya sa kuma yake da nawa. Bitcoin, da ya fara aiki a Janairun 2009, yana buɗe sabon shafi ne kusan duk minti 10, shafin kuma ƙarami, don haka abin da yake ɗauka bai wuce hada-hada 7 a daƙiƙa ba. Ethereum da ya zo a 2015 ya ɗara shi, amma ya daɗe yana wajen 15. Idan masu son shiga suka fi gurbi yawa sai abin ya koma gwanjo, wanda ya fi biya shi ake fara rubutawa. A Disambar 2017 wani wasan kiwon kyanwowi na intanet, CryptoKitties, shi kaɗai ya cushe Ethereum. A 2021 biyan dala 30 ko 50 don yin musaya guda ba abin mamaki ba ne. A Afrilun 2024, ranar da aka rage ladan masu haƙar Bitcoin kuma aka ƙaddamar da tokin na Runes, matsakaicin caji ya haura dala 100.

Mutum zai ce to a faɗaɗa shafin mana. An yi wannan rigimar, har ta raba gida: ranar 1 ga Agusta 2017 masu son babban shafi suka ɓalle suka kafa Bitcoin Cash. Hujjar waɗanda suka ƙi ita ce, idan shafi ya yi girma, kwamfutar da za ta iya bin littafin sai mai tsada, sannu a hankali masu duba lissafin su koma 'yan tsiraru masu hali. Vitalik Buterin, jagoran waɗanda suka kafa Ethereum, shi ya yaɗa bayanin cewa abu uku ne ke da wuyar haɗuwa a sarƙa ɗaya: tsaro, bazuwar iko a hannun jama'a da yawa, da ɗaukar aiki mai yawa.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Wasu suka gina sabbin sarƙoƙi masu zaman kansu, suka yarda da rage masu gadi don a samu gudu. Wasu suka bar tsohuwar sarƙar yadda take suka ɗora hawa na biyu a kanta, ana harka a sama, ana saukowa ƙasa don a rufe lissafi. A jerin da manhaja ke nuna maka duk a cakuɗe suke, ba ta gaya maka wanne ne wanne.

Tron da 'yan'uwansa

TRC20, wato layin sarƙar Tron, shi ne sarkin kasuwarmu, ba musu. Tun da Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna mu'amala da harkar kirifto a Fabrairun 2021, ciniki ya koma tsakanin mutum da mutum, kuma ko da aka janye umarnin a Disambar 2023 al'adar ta riga ta zauna. Mai sayo kaya daga Guangzhou ko Dubai, ɗalibin da ake turo wa kuɗin makaranta, mai aikin intanet da ake biya da dala, mafi yawansu adireshin da ke farawa da harafin T suke bayarwa.

Sai dai Tron ba hawa na biyu ba ne, bai jingina da Bitcoin ko Ethereum ba. Sarƙa ce ta kanta da Justin Sun ya kafa, ta fara aiki a 2018, USDT kuma ya hau kanta a 2019. Wakilai 27 ne ke rubuta shafukanta, masu riƙe da TRX (kuɗin sarƙar) ne ke zaɓensu da ƙuri'a, ana fitar da shafi duk daƙiƙa 3. Saurin daga nan yake. Mutum 27 sun fi dubbai saurin daidaita baki, sun kuma fi sauƙin a matsa musu ko su haɗa kai. Idan suka samu matsala, babu wata sarƙa a ƙasa da za ka kai ƙara gabanta.

Arahar da aka san Tron da ita ma ta ja baya. Tura USDT na cin abin da suke kira makamashi, wanda ko ka samu ta hanyar jingine TRX, ko ka yi haya, ko a ƙona TRX daga walat ɗinka. Da farashin TRX ya tashi a 2024 da 2025, turawa guda daga walat ta kai daloli kaɗan, har sai da wakilan suka rage farashin makamashin a Agustan 2025. Ga wani abin da ba kowa ya lura ba: idan adireshin da za ka tura wa babu USDT a ciki, makamashin da za a ci ya kusa ninki biyu. Sabon shiga kuwa tarkonsa ɗaya ne. An turo masa USDT 50, yana ganinsu ɓaro-ɓaro a waya, ya danna turawa, walat ta ce babu TRX na caji. Sai ya shiga neman wanda zai taimaka masa da TRX na dala biyu kafin kuɗinsa su motsa. Wannan ba ciwon Tron kaɗai ba ne, a BEP20 sai da BNB, a Arbitrum da Base sai da ETH (kuɗin Ethereum), a Polygon sai da POL.

To me ya riƙe mutane a Tron? Kowa na karɓa. A 2025 USDT da ke kansa ya haura dala biliyan 70, kuma da wuya ka samu dandalin musaya ko ɗan canji da zai ce bai san TRC20 ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma babu fasahar da ke maye gurbinsa.

BEP20, wato sarƙar BNB da ta fito daga gidan Binance a 2020, ta fi Tron araha, kuma da masu tantancewa 21 ta fara. A Oktoban 2022 wani ya fasa gadarta ya ƙirƙiro BNB miliyan 2 daga babu, sai aka tuntuɓi masu tantancewa aka tsayar da sarƙar baki ɗaya. An tare ɓarawo bai fita da mafi yawan kuɗin ba, madalla. Amma hakan ya nuna cewa mutane kaɗan na iya tsayar da ita cikin dare ɗaya. Solana ta bi ta wata hanyar: masu tantancewarta sun fi yawa, sai dai injinan da ake buƙata manya ne masu tsada. Cajinta bai kai santi ba a yawancin lokuta, amma ta sha tsayawa cak, kusan awa 17 a Satumbar 2021, kusan awa 5 a Fabrairun 2024. TON kuwa 'yan baiwa, masu farautar tokin kyauta, ba sa buƙatar a ba su labari. Bayan wasan danna waya na Notcoin ya fara biyan masu yinsa a Mayun 2024 kowa ya koma dannan waya, da aka zo rabon DOGS a ƙarshen Agusta sai sarƙar ta daina fitar da shafi na awanni, mutane na kallon tokin ɗinsu ba halin taɓawa.

Sarƙar gefe da batun gada

Polygon na tsakiya. A Indiya aka fara ta da sunan Matic, ta sauya suna a 2021, kuma ta daɗe ana lissafa ta cikin hawa na biyu na Ethereum. Gaskiyar magana, babbar sarƙarta tana da masu tantancewa na kanta, ɗari da 'yan kai, lokaci-lokaci tana aika wa Ethereum taƙaitaccen hatimin inda lissafi ya tsaya. Ethereum na adana hatimin, amma ba ya bin hada-hadar ya ga ko daidai ne. Tsaron kuɗinka na hannun masu tantancewar Polygon. Tana da araha, dandalin musaya da yawa na karɓarta, kuma ta yi shekaru tana aiki. A san dai me aka saya.

Nan ne maganar gada ke shigowa, kuma nan ne aka fi tafka asara a tarihin harkar. Tokin ba ya tashi daga wata sarƙa ya sauka a wata. Abin da ake yi shi ne a kulle na asali a wannan gefen, a buga madadinsa a wancan. Duk wanda ya mallaki makullin rumbun da aka kulle, ya mallaki komai. Ronin, sarƙar gefe ta wasan Axie Infinity, makullai 9 ne ke gadin gadarta, 5 sun isa a buɗe. A Maris 2022 maharan da Amurka ta danganta da Koriya ta Arewa suka samu biyar ɗin, suka kwashe sama da dala miliyan 600, kuma sai bayan kusan mako guda aka farga. Wata guda kafin nan an ɗebi kimanin miliyan 320 daga gadar Wormhole, a Agustan shekarar kuma kimanin miliyan 190 daga Nomad. A duk waɗannan, ba Ethereum aka fasa ba. Rumbun da ke tsakiya aka fasa.

Rolof: hawa na biyu na gaske a kan Ethereum

Arbitrum, Optimism, Base, zkSync, Starknet, Linea, Scroll, duk dangi ɗaya ne da ake kira rolof. Wata kwamfuta mai jera layi tana tattara hada-hadar dubban mutane, ta aiwatar da su a waje, ta matse bayanan, ta rubuta su a kan Ethereum a dunƙule. Cajin Ethereum ɗin sai a raba shi kan dubban nan, kowa ya biya ɗan kaɗan. Bambancinsa da sarƙar gefe shi ne, bayanan kansu ake kai wa Ethereum, ba hatimi kawai ba, don haka kowa na iya sake lissafin daga tushe ya san nawa kowane adireshi ya mallaka. Kuɗin da aka shigo da su kuma suna kulle ne a wata yarjejeniyar kwamfuta a kan Ethereum, wadda ba ta sakinsu sai lissafi ya tabbata.

Yadda ake tabbatarwar ne ya raba su gida biyu. Arbitrum, da ya buɗe wa kowa a Agustan 2021, da Optimism, da Base na kamfanin Coinbase da ya zo a Agustan 2023, kyautata zato suke yi. Ana ɗaukar abin da aka rubuta a matsayin gaskiya, amma a bar kwana 7 ga duk wanda ya ga maguɗi ya kawo hujja. Mai gaskiya guda ɗaya da ke sa ido ya isa ya rushe ƙaryar. Kuɗin wannan tsari shi ne jira: idan za ka sauko da dukiyarka zuwa Ethereum ta gadar layin ta asali, sai ka yi mako guda. Su kuwa zkSync, Starknet, Linea da Scroll, kowane ƙunshi suna haɗa shi da hujjar lissafi da Ethereum ke dubawa nan take, ba zato a ciki. Saukowa daga nan awanni ne, ba kwanaki ba. A takarda wannan ya fi kyau, kuma ina ganin can aka dosa. A kasuwa kuwa har yanzu jama'a da kuɗi sun fi taruwa a Arbitrum da Base, kuma dandalin musaya sun fi karɓarsu.

Kwana bakwan nan na tsorata mutane fiye da kima. Idan dandalin da kake hulɗa da shi na karɓar ajiya kai tsaye ta Arbitrum, cikin mintuna za ka gani, ba ruwanka da mako. Akwai kuma gadojin 'yan kasuwa da ke ba ka kuɗin nan take su su yi jiran, su cire ladansu, sai dai ka koma hannun gada ke nan na ɗan lokacin.

Arahar rolof ta kankama ne ranar 13 ga Maris 2024, da gyaran Ethereum da ake kira Dencun. An ware musu wani ma'aji na musamman inda bayanansu ke zama kimanin kwana 18 sannan a share, maimakon su yi gogayya da kowa a kan gurbin dindindin. Cikin kwanaki caji a yawancinsu ya faɗo zuwa santi ɗaya ko ƙasa. Gyaran Pectra na Mayun 2025 ya ƙara faɗin ma'ajin. Wani abin da ya biyo baya, wanda 'yan kasuwarmu da yawa ba su sabunta saninsu a kai ba: da harka ta koma sama, Ethereum kansa ya yi sauƙi, har akwai lokuta da yawa a 2025 da tura USDT ta ERC20, wato a kan Ethereum kansa, daga walat bai kai dala ɗaya ba. Tsoron da aka ɗauka a 2021 bai kamata ya hana mutum duba farashin yau ba.

Yanzu ga ƙofar fita. A Arbitrum, idan mai jera layi ya ƙi saka hada-hadarka ko ya mutu, kana iya aika ta ta Ethereum kai tsaye, bayan awa 24 dole ta shiga. A Optimism da Base wa'adin awa 12 ne. An ma ga irin wannan ƙofa ta yi aiki a zahiri: da dandalin dYdX ya rufe tsohon layinsa da ke kan fasahar StarkEx a Oktoban 2024, waɗanda suka bar kuɗi a ciki sun cire su ta Ethereum bayan injin ya daina aiki. Babu kwatankwacin wannan a Tron ko BNB.

Amma kar a yi wa rolof kwalliyar da ba tasa ba. Kusan dukkansu mai jera layi guda ɗaya ne, na kamfanin da ya gina. Na Arbitrum ya tsaya sama da awa ɗaya a Disambar 2023 saboda cunkoso. A Yunin 2024 masu Linea da kansu suka dakatar da layinsu na ɗan lokaci don tare wanda ya yi wa dandalin Velocore kutse. Wanda ya fi wannan girma shi ne makullin gyara. Yarjejeniyar da ke riƙe da kuɗin ana iya sauya ta, kuma wasu mutane ne ke da ikon. A Arbitrum majalisar tsaro ce ta mutum 12, idan 9 suka sa hannu za su iya gyaran gaggawa. Hujjar maguɗin da ake taƙama da ita ma ba tun farko kowa ke iya kawo ta ba: Optimism sai a Yunin 2024 ya buɗe wa kowa, Base a Oktoban shekarar, Arbitrum a Fabrairun 2025. Shafin L2Beat na jera layukan nan mataki-mataki, daga 0 zuwa 2, gwargwadon yadda suka saki ragama, kuma manyan ba su kai matakin ƙarshe ba. Kafin ka ajiye kuɗi mai kauri a wani layi da sunansa bai daɗe da fitowa ba, leƙa can tukuna. Da yawa masu kiran kansu hawa na biyu ba sa ma kai bayanansu Ethereum.

Sai rarrabuwa. Dala ɗaya ce a baki, amma a Arbitrum akwai USDC, wani tokin dala irin USDT, na asali da kamfanin Circle ya fara bugawa a can a 2023, akwai kuma USDC.e da ya hauro ta gada, kuma ba kowane dandali ke karɓar duka biyun ba. A Base USDC ne ke da kasuwa, ba USDT ba, mu kuwa nan USDT muka sani.

Lightning

Wannan na Bitcoin ne, kuma tunaninsa daban. Joseph Poon da Thaddeus Dryja suka fitar da tsarinsa a 2015, ya fara aiki sosai a 2018. Ka ɗauki 'yan kasuwa biyu a Kantin Kwari da ke karɓar kaya a hannun juna kullum. Ba sa zuwa banki duk yadi goma; suna rubutawa a littafi, kowa ya sa hannu a sabon jimilla, sai ƙarshen wata a biya bambanci. A Lightning, mutum biyu na kulle Bitcoin a asusun haɗin gwiwa a kan sarƙa, wanda za mu kira kafa, daga nan su yi ta musayar sabon lissafi mai sa hannu a tsakaninsu, sau dubu in sun so. Sarƙa ba ta ganin komai sai buɗewa da rufewa. Kuma ba sai kana da kafa da kowa ba: idan kana da ita da wani, shi kuma yana da ita da wanda za ka biya, kuɗin na ratsawa ta hannunsa ba tare da ya iya riƙe su ba.

Biya na isa cikin daƙiƙoƙi, caji kuma na ƙananan kuɗi kusan babu. Ƙofar fitarsa ma tana da kyau: ko abokin kafarka ya ɓace, kana iya rufe ta kai kaɗai a kan Bitcoin ka karɓi rabonka bayan ɗan jira. Idan ya yi wayo ya kai tsohon lissafin da ya fi masa riba, kana da wa'adin nuna sabo, kuma hukuncinsa shi ne rasa duk abin da ke cikin kafar.

Wahalarsa a aiki take. Dole wayarka ko wani mai gadi da ka wakilta ya riƙa leƙawa, kuma karɓar kuɗi na son kana kan intanet, abin da mai fama da wuta da netwok ya san ba kullum ba ne. Ba ka iya karɓar fiye da abin da ke ɗaya gefen kafarka, don haka sabon shiga sai ya sayi gurbin karɓa. Buɗe kafa na cin cajin Bitcoin na ranar. Babban kuɗi kuma kan rasa hanyar da za ta ɗauke shi, domin duk Bitcoin da ke kafofin da ake gani a fili 'yan dubbai ne kawai. Saboda haka mutane da yawa ke komawa manhajojin da ke riƙe musu kuɗin, irin su Wallet of Satoshi a yadda aka fara saninta. Da daɗin amfani, amma ƙofar fitar nan da na yaba ta tafi, ka koma amanar kamfani. Phoenix na cikin waɗanda ke barin makulli a hannunka suna sauƙaƙa sauran.

Babban cikas ɗinsa a wurinmu ba na fasaha ba ne. Mai gudun faɗuwar naira dala yake nema, ba kuɗin da ka iya sauka kashi goma kafin wayewar gari ba. Inda Lightning ya yi amfani sosai shi ne inda yake aiki a bayan fage, kamar haɗin gwiwar manhajojin biyan kuɗi na Strike da Bitnob na Disambar 2022, inda mai turowa daga Amurka ke biyan dala, mai karɓa a Najeriya, Ghana ko Kenya ya ga kuɗin ƙasarsa. Tether ya sanar a Janairun 2025 cewa zai kawo USDT kan Lightning, amma sanarwa daban, ɗan canji ya ce maka turo ta nan daban.

To wanne?

Idan biyan mai kaya za ka yi ko sayar wa ɗan canji, mai karɓa ne ke da zaɓi, kuma sau da yawa TRC20 zai ce. Bi shi, kuɗin wucewa za su yi ba kwana ba, haɗarin wakilai 27 na minti biyar ba abin hana barci ba ne. Amma tambaye shi ko dandalinsa na karɓar Arbitrum, Polygon ko BEP20. A ƙananan kuɗi, inda dala ɗaya ko biyu ke da nauyi, bambancin na taruwa. Ka kuma sani cajin da manhajar musaya ke nuna maka nata ne, ita ta yanka, ba lallai ya yi daidai da abin da sarƙar ke ci ba. Idan ku biyun dandali ɗaya kuke, turawa ta cikin gida galibi kyauta ce, domin babu sarƙar da aka taɓa, lamba ce kamfani ya sauya a littafinsa. Wannan ce hanya mafi araha, kuma ita ce ba ta da ƙofar fita ko kaɗan. Waɗanda kuɗinsu ya maƙale a dandalin musaya na FTX da ya durƙushe a Nuwambar 2022 sun ga haka.

Idan ajiya ce ta watanni, lissafin ya juya. Caji sau ɗaya za ka biya, zama kuwa kullum ne. Bitcoin ya zauna a kan Bitcoin, ETH mai yawa a kan Ethereum, a walat ɗin da kalmominta na sirri ke hannunka. Matsakaicin kuɗi da kake juyawa a dandalin musaya marasa shamaki ko wasu manhajojin kan sarƙa, nan rolof ya fi dacewa, kuma ni Arbitrum ko Base zan ɗauka kafin sabon layin da ke kwaɗaita wa mutane rabon tokin. Lightning na kuɗin aljihu ne, abin da in ya ɓace ba za ka shiga uku ba.

Abu ɗaya babu layin da ke kare ka daga gare shi: USDT alkawarin kamfanin Tether ne, kuma yana iya daskarar da shi a adireshi, a Tron ne ko a Ethereum, ya kuma sha yi bisa buƙatar hukumomi. Ingancin sarƙa bai shafi wannan ba.

Sai tarkon adireshi, wanda ya fi kutse cin kuɗin talaka. Ethereum, Arbitrum, Optimism, Base, Polygon da BEP20 duk adireshi iri ɗaya suke amfani da shi, mai farawa da 0x, don haka manhaja ba za ta hana ka ba idan ka zaɓi netwok ɗin da ba shi ba. In walat ɗin mai karɓa tasa ce ta kansa, da sauƙi: ya ƙara wancan netwok ɗin a walat, ya nemi ɗan kuɗin caji, zai ga kayansa. In kuwa adireshin ajiya ne na dandalin musaya da ba ya karɓar wannan netwok, sai roƙo da cike fom, wani lokaci a dawo da su bayan makonni a cire lada, wani lokaci shiru. Duk sabon adireshi ko sabon netwok, fara tura dala biyar, mai karɓa ya ce ya gani, sannan sauran su biyo.